Wa Ke Da Ikon Cewa A Rage Gudu A Titunan Damagaram?

Ina gaida malamai da ɗalibai na azuzuwan yaƙi da jahilci, maza da mata, da waɗanda ke zaune gindin rediyo, da waɗanda za su karanta wannan jawabi a takarda daga baya.

Yau karatun allo za mu yi, amma ba allon makaranta ba. Allon bakin hanya nake nufi. Kun san shi. Zagayayye ne kamar faifai, bakinsa ja, cikinsa fari, an rubuta lamba da baƙi a tsakiya. Wani an rubuta 50, wani 30. Da can kun sha wuce shi ba ku kula ba. Yanzu da kuka san lambobi, ga abin da yake cewa: kada mai tuƙi ya wuce kilomita 50, ko kilomita 30, cikin awa guda.

To, wa ya zaɓi wannan lamba? Me ya sa aka ce 50, ba a ce 70 ba? In kuma lambar ta yi yawa a ƙofar makarantar ƴaƴanku, wa za ku kai wa kuka? Don mu gane amsa sai mun koma baya. Za mu ɗauki garin Zinder, wanda mu Hausawa muka fi kira Damagaram, mu ga yadda abin ya faro.

A farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaimanu ya mai da gadon sarautar Damagaram zuwa Zinder. Ɗansa Tanimu, wanda ya yi mulki har 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa mai tsawo, har ya sa aka ƙera masa igwa. A zamanin nan ayari kan taso daga Tarabulus, ya biyo ta Gat da Agadas, ya sauka a Zango, wajen ganuwa, kafin ya wuce Kano. Raƙumi mai kaya ba ya wuce wajen kilomita 4 a awa. Tafiyar mutum ce da ƙafa. Tsakanin Zinder da Kano wajen kilomita 240 ne, amma ayari sai ya yi fiye da mako guda a hanya.

Abu ɗaya ne mai gudu a lokacin, shi ne doki. Doki kuwa na sarakai ne da barade da manzanni. Sukuwa ma tana da wurinta da ranarta. Ranar Salla, a filin ƙofar fada, kowa ya san za a saki linzami, dogarai sun kori mutane gefe, uwa ta riƙe hannun ɗanta. Amma cikin gari fa? Wanda ya taɓa shiga lungunan Birni ya san amsa. Hanya ta bi nan ta karya, ta kauce wa dutse, ta zagaye zaure, ga dakali ya fito, ga akuya kwance. Wani wurin jaki biyu masu kaya da ƙyar suke gittawa. Ko kana son gudu, ina za ka yi shi? Ginin garin da kansa shi ke cewa sannu a hankali. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta.

Kada kuma ku ce babu shari'a. Akwai. Malamanmu suna karantar da littafin Risala na Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan a ƙasar Tunisiya ta yau, wanda ya rasu fiye da shekara dubu da suka wuce. A babin diyya ya nuna cewa in dabba tana tafiya ta taka mutum ko ta ɓata dukiya, alhakin yana wuyan wanda ke kanta, ko wanda ke janta, ko wanda ke korarta daga baya. Ba a cewa laifin doki ne. Abin sha'awa, kalmar da Larabawa ke kiran mai korar dabba da ita, ita ce yau suke kiran direban mota da ita.

Sai dai ku lura da bambanci guda. Waccan shari'a tana jira sai ɓarna ta auku, sa'an nan alƙali ya yi hukunci. Lambar da ke kan allo ba ta jira. Ko ba ka taɓa kowa ba, in ka wuce lamba ka yi laifi. Wannan sabon abu ne a duniya, kuma inji ne ya kawo shi.

Bari mu leƙa ƙasar Ingila, inda aka fara. A 1865, lokacin Tanimu yana kan gado a nan, majalisar Ingila ta yi doka a kan manyan injuna masu tafiya da tururi, waɗanda ke bin hanya suna firgita dawaki. Doka ta ce a daji kada su wuce mil 4 a awa, wato wajen kilomita 6. A cikin gari kuwa mil 2, wato wajen kilomita 3. Kuma dole wani mutum ya yi ta tafiya da ƙafa a gaba, yana riƙe da jar tuta. Kun ji. Da raƙumin Zango ya je can, da ya wuce injin ya bar shi a baya.

A watan Janairu 1896 aka kama wani mai suna Walter Arnold yana gudun mil 8 da motarsa, wato wajen kilomita 13. Ɗan sanda a kan keke ya bi shi ya kamo shi. Aka ci shi tarar sule guda, da kuɗin kotu. A shekarar nan aka ɗaga lamba zuwa mil 14. Masu mota suka yi ta ƙara yawa, suka yi ta ƙara baki, har a 1930 aka soke iyakar gudu ga ƙananan motoci gaba ɗaya. Aka ce kowa ya yi aiki da hankalinsa. Ba a daɗe ba aka ga abin da hankalin ya haifar. A 1934 kaɗai mutum fiye da 7,000 suka mutu a hanyoyin ƙasar. Majalisa ta sake zama, daga 1935 aka ce cikin gari mil 30, wato wajen kilomita 48.

Mu dai tsarin Faransa muka gada, don haka shi ya fi shafarmu. A can, tun 1884 doka ta ɗora wa magajin gari aikin tsare lafiyar masu wucewa a titunan garinsa. A 1893 shugaban ƴan sandan Paris, mai suna Lepin, ya ce kada mota ta wuce kilomita 12 a cikin birni. A 1899 gwamnati ta yi doka ta ƙasa duka: kilomita 20 a gari, 30 a daji. Daga baya lamba ta cikin gari ta zama 60 a 1954, ta sauko 50 a 1990. Cikin wannan kai da komo aka sami ƙa'idar da ake bi har yanzu. Gwamnati ta ƙasa ita ke sa rufi, wato lambar da ba a wucewa a kowane gari. Magajin gari kuma, da yake shi ya san inda kasuwa take da inda makaranta take, yana iya rage lambar a titin da ya ga akwai haɗari.

Shekarar nan ta 1899 da na ambata, ita ce shekarar da sojan Faransa suka ci Damagaram, bayan yaƙin Tirmini a watan Yuli. Amma ba su zo mana da magajin gari ba. Kumandan suka kawo. Shi ne mai doka, shi ne mai tara, shi ne mai gidan kaso. A 1906 suka tuɓe Sarki, gado ya zauna babu sarki har 1923. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce babban birnin ƙasar nan, kafin a koma Yamai. A ƙarshen 1924 motoci takwas na kamfanin Citroën, masu sarƙa a ƙafafun baya, suka ƙetaro hamada, suka biyo ta Yamai da Zinder, suka nufi tafkin Cadi. Bayansu sai kamyo ya fara yawa, musamman na gyaɗa, daga ƙasar Magarya da Matamai zuwa Kano, inda jirgin ƙasa yake.

Mota tana son hanya mai faɗi, miƙaƙƙiya. Wa ya share ta? Kakanninmu, da aikin tilas, wanda ba a soke ba sai a 1946. Su suka ɗauko duwatsu a ka, su suka daɓe ƙasa, amma ba wanda ya tambaye su ko wane irin gudu ya kamata a yi a ƙofar gidajensu. Ganuwa ta yi ta zubewa. Filin da ke tsakanin Birni da Zango ya cika da ofisoshi da kantuna da tituna masu faɗi. Kun ga abin da ya faru ke nan. Da can lungu ke riƙe mahayi. Da aka buɗe hanya, abin da ya rage ya riƙe direba sai doka.

Ga wani abin dariya na wancan zamani. Mu a dama muke tuƙi, kamar Faransawa. Nijeriya kuwa a hagu suke yi, kamar Ingila, har watan Afrilu 1972. Saboda haka direban da ya tashi daga Zinder za shi Kano, da ya ƙetare iyaka sai ya koma ɗaya hannun, kilomita kuma ta zama mil. Ƙasar Hausa ɗaya, harshe ɗaya, amma doka biyu, don kawai masu mulki biyu ne.

Bayan mun sami ƴancin kai ran 3 ga Agusta 1960, majalisar ƙasa ta yi dokar hanya tamu a 1963. Aka yi ta aiki da ita fiye da shekara hamsin, har aka yi sabuwa a 2014. Lambar cikin gari kilomita 50 ce. Wannan shi ne rufin, kuma daga Yamai ya fito. Shekaru da yawa kuma, masu riƙon garuruwa ma daga Yamai ake naɗo su. Wanda aka naɗo daga sama, kunnensa sama yake saurare. Haka ɗan Adam yake.

Alhali kuwa hanya sai ƙara cika take yi. Ku dubi inda Zinder take. Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta bi Doso da Ƙwanni da Maraɗi, ta nan take ratsawa zuwa Gure da Difa. Hanya mai lamba 11, wadda ta gangaro daga Agadas da Tanut, ita ma ta nan take bi zuwa Magarya da iyaka. A nan gizo ke saƙar. Direban da ya yi wajen kilomita 900 daga Yamai, ƙafarsa ta saba da taka mai, idonsa ya gaji. A wurinsa wannan babbar hanya ce. A wurin yarinya mai tallan ƙosai kuwa, titin unguwarsu ne. Tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ a hanyar Tanut a 2011, tankoki suka ƙaru. Ga kabu-kabu, ga adaidaita, ga amalanken shanu, ga garken tumaki ranar kasuwa, ga makafi da ɗan jagora. Ƙidayar 2012 ta sami mutum fiye da 300,000 a ƙasar da ke hannun magajin garin Zinder. Dukansu kwalta ɗaya suke rabawa.

A watan Yuli 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi a ƙasa duka, hukuma 265. Jama'a suka zaɓi kansiloli, kansiloli suka zaɓi magajin gari daga cikinsu. A 2010 aka yi babbar dokar ƙananan hukumomi, aka ba garuruwa huɗu matsayi na musamman: Yamai, Maraɗi, Tawa da Zinder. Aka raba Zinder gunduma biyar. Dokar ta ɗora wa magajin gari kula da zaman lafiya da sauƙin wucewa a titunan gari. Shi ke sa hannu a takardar da ke tsara inda mota za ta tsaya da yadda za a bi titi. Ta kuma ba sarakunan gargajiya kujera a majalisar gari, suna ba da shawara, ko da yake ba su jefa ƙuri'a. Amma hanyar ƙasa, kamar mai lamba 1, ta gwamnati ce. A kanta sai an haɗa kai da gwamna da ma'aikatar da ke kula da hanyoyi. A watan Afrilu 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun nan, ta naɗa kantomomi a madadinsu. Mai kujera ya sake, amma ofis yana nan, aikin kula da titi kuma bai tashi daga ofishin ba.

Yanzu ku ɗauko alli ko fensir, mu yi ɗan lissafi. Wannan shi ne zuciyar magana, don haka ba zan yi sauri ba.

Motar da ke gudun kilomita 50 a awa tana cin wajen mita 14 a daƙiƙa guda. Mita ɗaya kamar babban taki ɗaya ne. Mai gudun 30 tana cin wajen mita 8. To, a ce yaro ya faɗo hanya yana bin ƙwallo. Kafin idon direba ya gani, ƙafarsa ta tashi ta taka birki, an yi wajen daƙiƙa guda. Bayan ya taka kuma, mota ba ta tsayawa nan take, sai ta ja. Mai gudun 30, in birkinsa na kirki ne, kwalta kuma busasshiya, zai tsaya cik bayan wajen mita 13. Mai gudun 50 sai ya yi wajen mita 28. Ku sake dubawa da kyau. A daidai inda mai 30 ya riga ya tsaya, mai 50 bai ma fara taka birki ba. Zai bugi yaron da gudunsa duka. In kuma iska ta zubo rairayi a kan kwalta, kamar yadda take yi mana kullum, ko taya ta suɗe, lissafin ya fi haka muni.

Saboda wannan lissafi ne ƙasashen duniya suka taru a birnin Stockholm a 2020, suka ce inda mutane da motoci ke cakuɗa, kilomita 30 ya kamata a bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wajen mutum miliyan 1 da dubu 190 ke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowa asara. A 2021 ƙasar Sifen ta mai da yawancin ƙananan titunan garuruwanta 30. A shekarar nan majalisar birnin Paris ma ta yi haka ga yawancin titunanta.

Kada ku ɗauka kowa ya yi murna. A yankin Wales na Birtaniya an rage lambar cikin gari zuwa mil 20 a 2023. Mutum fiye da 400,000 suka sa hannu a takardar ƙin yarda. Shekara ta gaba gwamnatin yankin ta ba ƙananan hukumomi dama su mai da wasu manyan tituna yadda suke a da. Mu ma muna da masu irin wannan kuka, kuma ba mahaukata ba ne. Ɗan kabu-kabu da yawan zuwa yake cin abinci. Babur ɗin ma sau da yawa ba nasa ba ne, da dare sai ya kai wa mai shi kuɗi. In ka ce masa ya rage gudu, sai ya ji kamar tuwonsa ka rage.

Ni dai ga abin da nake gani. Ba sai an ce gari duka 30 ba. A fara da ƙofar makaranta, da bakin kasuwar Dole, da tasha, da asibiti. A ce tsawon wurin mita 500 ne. Mai gudun 50 zai wuce shi cikin daƙiƙa 36. Mai gudun 30 cikin daƙiƙa 60. Bambanci daƙiƙa 24. Gaisuwar da muke yi da maƙwabci da safe ta fi haka tsawo.

Amma allo shi kaɗai ba ya tsai da mota. Ɗan sanda ba zai kwana a gindinsa ba. A nan ne maganar lungunan Birni ta komo. Abin da masana hanya na yau ke yi shi ne su gyara titi yadda gudu ba zai yi daɗi ba. Su rage faɗinsa, su yi shataletale, su ware gefen masu ƙafa, su gicciya ƙunyar nan ta kwalta da Faransawa ke kira bayan jaki. Ita ma ƙunya tana da ƙa'ida. Ana auna tsawonta da faɗinta, ana shafa mata farin fenti, ana kafa allo kafin a iso ta. Kun sha gani, ran da mota ta kaɗe yaro, samari kan fito da fushi su jera duwatsu ko gungume, ko su tara ƙasa kamar kabari. Fushin na da dalili. Amma da dare mai babur ne zai hau ta bai gani ba, ko motar asibiti ɗauke da mace mai naƙuda. An guje wa haɗari ɗaya an haifi wani.

Ga hanyar da ta fi, kuma yanzu kun iya ta. Ku sami mutum uku ko huɗu daga ajinku. Ku zauna a bakin titin da ke damunku lokacin da yara ke tashi daga makaranta. Ɗaya ya ƙirga motoci, ɗaya babura, ɗaya yaran da suka ƙetare. Ku yi haka kwana uku, ku rubuta rana da lokaci. Sa'an nan ku rubuta takarda gajeriya: sunan unguwa, wane titi, daga ina zuwa ina, abin da kuka ƙirga, da abin da kuke roƙo, ko allo ne, ko ƙunya, ko layin ƙetarewa. Ku kai wa mai unguwa ya gani, shi da shugaban makaranta da limami su sa hannu. Kada ku manta da shugabannin ƴan kabu-kabu da na tasha, gara a yi da su tun farko. Ku kai ofishin magajin gari, ku roƙi a buga muku hatimi da kwanan wata a kan kofi na biyu, ku ajiye shi. In an ce hanyar ta gwamnati ce, ku tambaya wane ofis ne, ku kai can. In wata ya wuce shiru, ku koma da kofin nan a hannu.

Aikin gida na wannan mako: duk allon hanya da kuka gani tsakanin gida da kasuwa, ku zana shi a littafi, ku rubuta lambarsa da inda yake. Inda kuma kuke ganin ya kamata a ce akwai allo amma babu, shi ma ku rubuta. Ku kawo wa malaminku ranar aji. Sai mun sadu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.